Waƙa a Bakin Wani: Me Ya Sa Ake Ta Sake Fassara Tsofaffin Littattafan Duniya Zuwa Turanci?

A 1942 Albert Camus, marubucin Faransa haifaffen Aljeriya, ya fitar da wani ɗan siririn littafi mai suna L'Étranger. Kalma huɗu ce ta buɗe shi: mai ba da labarin na shaida mana cewa yau mahaifiyarsa ta mutu. Sama da shekara 80 ke nan, amma har yanzu masu juya littafin zuwa Turanci ba su tsaya a kan magana ɗaya ba game da waɗannan kalmomi huɗu. Stuart Gilbert, wanda ya fara fassara shi a 1946, ya sa "Mother", kalma mai sanyi da nisa a bakin ɗa. Matthew Ward a 1988 ya duba ya duba, ya rasa kalmar Turanci da za ta ɗauki nauyin, sai ya bar "maman" ta Faransanci yadda take. Sandra Smith kuma a 2012 ta zaɓi abin da ya yi daidai da "mahaifiyata".

Wanda bai ga abin jayayya a nan ba, ya gwada da Hausa. "Yau uwata ta mutu." "Yau mahaifiyata ta rasu." "Yau Inna ta rasu." Labari ɗaya ne, amma mutum uku ne suka yi magana. Na farko, da jin bakinsa ka san ba shi da ta ido. Na biyu kamar mai aika sanarwa gidan rediyo. Na uku ɗa ne da aka yi wa rashi. To, a cikin littafin, mutumin nan zai harbe wani Balarabe a bakin teku, a gurfanar da shi, kuma abin da zai fi ja masa hukuncin kisa shi ne shaidar da aka bayar cewa bai zubar da hawaye a jana'izar tsohuwarsa ba. Ke nan kalmar da mai fassara ya sa masa a baki tun layin farko ita ke raɗa wa mai karatu ko ya tausaya masa ko ya bi sahun alƙali. Sunan littafin ma bai tsira ba. A Amurka The Stranger ake kiransa, a Ingila The Outsider, wato can baƙo ne, nan bare. Bahaushe kuwa ya san tazarar da ke tsakanin baƙo, wanda ake shimfiɗa wa tabarma, da bare, wanda ake yin shiru in ya shigo.

Kusan kowace shekara kamfanonin buga littattafai na Landan da New York sai sun fito da "sabuwar fassara" ta wani littafi da marubucinsa ya daɗe a kushewa: Homer, Dante, Cervantes, Tolstoy. Mai saye sai ya tsaya yana tambayar kansa, me ya sami ta da? Abin ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin masu karatun boko a cikinmu ta ƙofar Turanci suke leƙa adabin Rasha da Girka da Jamus da Japan. Ɗalibin da ya ce ya karanta Dostoevsky a Zariya ko Jos ko Tamale, jumlolin da idonsa ya bi ba Dostoevsky ne ya ɗinka su ba. Wani ne daban, kuma galibi ɗalibin bai ko san sunansa ba.

A adabin Rasha, wannan wani ɗin mace ce, Constance Garnett. An haife ta a Ingila a 1861, ta koyi Rashanci wajen 'yan gudun hijirar Rasha, sannan ta duƙufa har ta juya mujalladi wajen 70 zuwa Turanci: Turgenev, Chekhov, Gogol, Tolstoy, Dostoevsky. Fassararta ta The Brothers Karamazov ta fito a 1912, kuma da ita ne Dostoevsky ya shiga gidajen masu jin Turanci sosai. Marubuta irin su Hemingway a bakinta suka ji Rashawa. Tana da saurin aiki na ban mamaki, kuma saurin nan ya bar tabo. An san ta da cewa in ta ci karo da wurin da ya shige mata duhu, takan tsallake ta yi gaba. Da idonta ya raunana, sai ya zama ana karanta mata Rashancin, ita kuma tana shiftar Turancin.

Tsallaken ba shi ne babban laifin da ake ɗora mata ba. Abin da ya fi damun masana shi ne santsin alƙalaminta. Dostoevsky mutum ne da ya yi rubutu cikin gaggawa, masu bin bashi na bakin ƙofa, kuma jumlolinsa na da tuntuɓe da maimaici da zafin kai, mutanensa suna magana kamar masu zazzaɓi. Garnett ta kai su wajen guga, suka fito a miƙe, fes, da Turancin mutanen kirki na zamaninta. Mawaƙin Rasha Joseph Brodsky ya taɓa yin shaguɓe cewa dalilin da ya sa masu karatun Turanci ba sa iya bambance Tolstoy da Dostoevsky shi ne ba ɗayansu suke karantawa ba, Garnett suke karantawa.

A 1990 wasu mata da miji, Larissa Volokhonsky 'yar Rasha da Richard Pevear Ba'amurke, suka fito da tasu Karamazov ɗin. Tsarinsu shi ne ita ta fara juyawa kusan kalma da kalma, shi ya gyara Turancin, sannan su koma su gwada da asali. Inda marubuci ya maimaita kalma sau biyar, su ma sau biyar. Inda jumla ta yi tuntuɓe, su bar ta da tuntuɓenta. Aka yi ta yabo, suka bi manyan littattafan Rasha ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka juyo musu. Farfesa Gary Saul Morson a 2010, da marubuciya Janet Malcolm a 2016, sun yi musu kaca-kaca a rubuce, suna cewa sun mayar da rayayyen harshe gungumen itace. Hujjar masu sukar tana da ƙarfi. Abin da yake maganar yau da kullum ce a harshe ɗaya, in ka kwashe shi kalma da kalma ka kai wani harshe, sai ya zama abin al'ajabi. Ka ce wa Bature "cikinsa ya ɗuri ruwa" daidai yadda kalmomin suke, zai nemo wa mutumin likita ne, alhali tsoro kawai ya ji. Mai fassarar da ya yi haka zai rantse amana ya riƙe, amma ya ƙirƙiro baƙunta inda marubucin bai sa ta ba.

Akwai wani misali da ya fi wannan daɗi. Littafin Tolstoy na War and Peace, wato Yaƙi da Zaman Lafiya, da Faransanci ya buɗe, domin manyan Rasha na farkon ƙarni na 19 da Faransanci suke hira a falo, shi ne alamar wayewa. Abin dariyar da Tolstoy ke nunawa shi ne suna zagin Napoleon, sarkin Faransa, da harshen Napoleon. Anthony Briggs a fassararsa ta 2005 ya mayar da kusan komai Turanci don kada mai karatu ya wahala. Pevear da Volokhonsky a 2007 suka bar Faransancin a wurinsa, suka sa ma'anarsa a ƙasan shafi. Ka ɗauko labarin Hausa da wata 'yar boko ke surka kowace jumla da Turanci don a san ta je jami'a, ka juya shi duka zuwa Turanci: ingausar ta ɓace, iyayin ya ɓace, ta koma magana kamar kowa. Wannan asarar ce Briggs ya yarda ya yi. Su kuma waɗancan sun yarda mai karatu ya riƙa sauke ido ƙasan shafi har wuyansa ya gaji. A nawa ganin, Garnett har gobe tana da daɗi a gajerun labaran Chekhov da littattafan Turgenev, inda natsuwarta ta dace da tasu, amma ba zan miƙa wa mai son jin haukar Dostoevsky fassararta ba.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma ba son adabi kaɗai ke motsa kamfanoni ba. A Ingila da Tarayyar Turai da Najeriya, haƙƙin mallakar rubutu yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Dostoevsky ya rasu a 1881, Tolstoy a 1910, Garnett kanta a 1946. Saboda haka littattafansu da fassararta sun zama ruwan rafi, kowa na iya ɗiba ya buga ya sayar. Kamfanin da ke son wani abu da shi kaɗai ke da shi, hanyarsa ɗaya ce: ya biya wani ya sake fassarawa, domin sabuwar fassara tana zuwa da nata sabon haƙƙin mallaka, ga shi babu magadan marubuci da za a raba riba da su. In aka yi sa'a jami'o'i suka sa ta a manhaja, an sami saniyar tatsa ta shekaru. A 2004 Oprah Winfrey, mai shirin talabijin a Amurka, ta zaɓi littafin Tolstoy Anna Karenina cikin fassarar Pevear da Volokhonsky don masu kallon shirinta su karanta, sai ga labarin da aka rubuta a shekarun 1870 a saman jerin littattafan da aka fi saye a Amurka. A 2014 kaɗai an fito da sababbin fassarori 2 na wannan littafi, ta Rosamund Bartlett da ta Marian Schwartz. Camus kuwa, da yake sai 1960 ya rasu, littafinsa na nan a ɗaure a waɗannan ƙasashe, ba mai taɓa shi sai da izini, shi ya sa fassarorinsa ba su da yawa.

Wannan ciniki tsoho ne. Alexander Pope, mawaƙin Ingila, ya fassara Iliad, waƙar Homer na tsohuwar Girka, tsakanin 1715 da 1720, masu kuɗi suka biya tun kafin a buga, ya tashi da wajen fam 5,000, abin da ya ishe shi ya zauna a gida mai lambu a bakin kogin Thames ba tare da ya yi wa kowa fadanci ba. Jerin Penguin Classics, wanda baƙin bangonsa ya cika shagunan littattafai a yau, da fassarar da E. V. Rieu ya yi wa Odyssey ta Homer ya fara a 1946, cikin zube mai sauƙi kamar labarin ƙirƙira, kuma ta sayu da miliyoyi.

Ga inda abin ya dawo kan aljihunmu. Kwafin da ake saukewa kyauta a intanet, da mai arha da ake shimfiɗawa a bakin titi, kusan kullum tsohuwar fassara ce wadda haƙƙinta ya ƙare. Wani lokaci da tsohuwar zuma ake magani. Wani lokaci kuma araha ba ta ado: fassarar 1872 ta littafin Jules Verne na tafiya a ƙarƙashin teku ta yanke wajen kashi 1 cikin 5 na asalin, ta kuma dagula lissafe-lissafensa, amma an yi ta sake buga ta fiye da ƙarni guda don ba a biyan kowa ko kwabo. Abin da ya kamata mai saye ya saba da shi shi ne buɗe bayan shafin take, inda ake rubuta ƙananan haruffa, ya nemi sunan mai fassara da shekarar. In babu suna sam, to an ɓoye ne don tsufa. Masu fassara sun daɗe suna kokawar a fito da sunansu kan bango. Edith Grossman, wadda ta fassara Don Quixote na Cervantes a 2003, tana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan haka, kuma a 2021 Jennifer Croft da Mark Haddon suka jagoranci wata buɗaɗɗiyar wasiƙa da ke kiran kamfanoni su daina ɓoye su.

Da a ce tsufan harshe da kuɗi ne kaɗai, da maganar ta ƙare a nan. Amma mai fassara ɗan zamaninsa ne, yakan ga abin da zamaninsa ya ba shi ido ya gani. Odyssey waƙa ce ta tsohon Girkanci, kashi 24, layi 12,110, labarin Odysseus da ya shekara 10 yana neman hanyar gida bayan yaƙin Troy. Maza wajen 60 suka fassara ta zuwa Turanci kafin Emily Wilson, malama a Jami'ar Pennsylvania, ta zama mace ta farko da ta buga tata a 2017. Ta ɗaure kanta da sharaɗi mai tsauri, wato layi ɗaya na Turanci a madadin kowane layi ɗaya na Girkanci, cikin karin waƙar da Turanci ya saba da shi. Tun layin farko ta tayar da ƙura. Homer ya siffanta gwarzonsa da kalmar polytropos, wadda ta haɗa "yawa" da "juyi". Tana iya nufin mai yawan dabara irin na dila, tana iya nufin wanda duniya ta yi ta juyawa. Wilson ta zaɓi kalmar Turanci mai nufin murɗaɗɗen mutum, mai wuyar sha'ani.

Inda ta fi buɗe idon mutane shi ne kashi na 22. Bayan Odysseus ya karkashe mazan da suka mamaye gidansa suna neman auren matarsa, sai aka fito da mata 12 na gidan waɗanda suka kwana da su, aka sa su wanke jini, sannan ɗansa Telemachus ya rataye su a igiya ɗaya. Kalmar da Girkanci ke kiran matan nan da ita ta bayi ce. Fassarori da dama na baya sun sassauta ta zuwa 'yan aikin gida, wasu kuma suka sa wa Telemachus zagi a baki, yana kiransu karuwai, alhali a Girkancin cewa kawai ya yi "waɗannan", cikin sigar mata. Wilson ta kira su bayi, ta cire zagin. Mai jin Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a kan bambancin 'yar aiki da baiwa. 'Yar aiki tana iya cewa a'a, ta ɗaure kayanta ta tafi. Baiwa a gidan da ƙarti fiye da 100 suka mamaye, ina ta ga bakin ƙi? Da kalma ɗaya, hukuncin cin amana ya koma kisan waɗanda ba su da zaɓi.

Ita ma ba ta tsira daga suka ba, kuma wani sukan na da tushe. Homer cike yake da kirari: kowane gwarzo da nasa, alfijir da nasa, teku da nasa, ana maimaita su sau da yawa. Tun shekarun 1930 Milman Parry ya nuna cewa wannan alamar waƙar baka ce, tubalin da mawaƙi ke ɗora baiti a kai yana tsaye gaban jama'a. Wanda ya taɓa sauraron makaɗin fada ya san daɗin kirari yana cikin dawowarsa ne. Wilson takan sauya kirarin daga wuri zuwa wuri don kada mai karatu ya ƙosa, kuma gajerun layukanta sun tilasta mata zubar da wasu kaya. A 2025 Daniel Mendelsohn ya fito da tasa Odyssey ɗin da ta bi ɗaya hanyar, dogayen layuka, kirari a mazauninsa. Shekara 8 kacal tsakani, kuma kowace ta ɗauko abin da ɗayar ta ajiye.

Akwai kuma littattafan da aka daɗe ana cewa ba sa fassaruwa ko kaɗan, kuma sarkinsu sananne ne a zaurukanmu: Muƙamat na Hariri, malamin Basra da ya rasu a 1122. Muƙama 50 ne na yawace-yawacen Abu Zaidis Saruji, tsohon da ke damfarar jama'a da zaƙin baki. Almajirin da ya kai ga wannan littafi a Kano ko Zariya ko Sakkwato, an san ya yi nisa a lugga. Masana sun daɗe da nuna inuwarsa a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Matsalarsa ga mai fassara ita ce labarin ba shi ne nama ba, wasan harshen ne: huɗuba da babu harafi mai ɗigo ko ɗaya a cikinta, wasiƙa da kalma ɗaya duk ɗigo ta gaba babu, jumlolin da ake karantawa gaba da baya su ba da abu ɗaya. Ta yaya za a kai wannan harshen da haruffansa ba su rabu ta ɗigo ba? Thomas Chenery a 1867 da Francis Steingass a 1898 sun juya ma'anar, suka tula sharhi a gefe, kamar dai yadda malam ke jan baƙi yana fasawa. An fahimta, amma ba wanda ya yi dariya.

A 2020 Michael Cooperson na Jami'ar California a Los Angeles ya yi abin da ya ba kowa mamaki. Ya ce tunda Hariri baje kolin Larabci ya yi, shi ma zai baje kolin Turanci. Kowace muƙama ya zuba ta cikin wani irin Turanci daban, wata da salon wani tsohon marubuci, wata da bakin 'yan kasuwa ko lauyoyi, wata da Turancin Singafo, wata da Pidgin na Najeriya, inda kuma Hariri ya haramta wa kansa wasu haruffa, shi ma ya haramta wa kansa wasu. Ya kira littafin Impostures, ya kuma ci kyautar Sheikh Zayed ta fassara a 2021. Ɗalibin da ke son sanin ma'anar kowace kalmar Hariri, wannan ba zai amfane shi ba, ya koma wajen malaminsa. Amma wanda ke son ya ji irin abin da mutanen Basra suka ji, wato mamakin mutum na wasa da harshe kamar mai wasa da wuƙa, ban san wani da ya kai shi kusa ba.

Duk wannan muna magana ne kamar asalin littafi abu ne tsayayye da ke jiran mai fassara. Ba kullum ba. Franz Kafka, marubuci da harshen Jamusanci, ya rasu a 1924 ya bar manyan labaransa ba a kammala ba, ya kuma roƙi abokinsa Max Brod ya ƙone su. Brod ya ƙi, ya shirya su da hannunsa ya buga, kuma daga wannan shiri nasa aka yi fassarorin farko. Sai da masana suka koma ga rubutun hannun Kafka, sannan a 1998 Mark Harman ya fito da The Castle da ta tsaya cak a tsakiyar jumla, inda alƙalamin mai ita ya tsaya.

Amma babu inda wannan matsala ta kai Dare Dubu da Ɗaya, littafin da muka san shi tun muna yara, wanda aka juya zuwa Hausa tun zamanin Turawa da hannun Frank Edgar a ciki, wanda kuma Magana Jari Ce ta ɗebi ruwa a rijiyarsa. Wannan littafi ba shi da marubuci ɗaya, ba shi da kwafi ɗaya da za a ce shi ne uwa. Tushensa wani littafin Farisa ne, Hazar Afsan, wanda malaman Bagadaza na ƙarni na 10 irin su Mas'udi da Ibn Nadim suka ambata. Guntun takarda mafi tsufa da ta rage ta ƙarni na 9 ce. Daga nan masu kwafa a Sham da Misira suka yi ta ƙari, kowa da labaran da ya ga dama. Saboda haka tambayar farko ga mai fassara ita ce, wanne zai ɗauka? Edward Lane, wanda ya fara fitar da tasa a 1838, bugun Bulaƙ na Misira na 1835 ya bi. Husain Haddawy a 1990 ya bi tsohon rubutun hannu na Sham da Muhsin Mahdi ya tace ya buga a 1984, wanda darensa bai kai ko 300 ba. Malcolm Lyons a 2008 ya bi bugun Kalkata na biyu, ya cika dare 1,001 a manyan mujalladi 3. Suna ɗaya a bango, amma kaya daban-daban a ciki.

Sannan ga halin masu fassarar. Lane mai kunya ne, duk inda labari ya shiga ɗakin kwana sai ya ja labule, wasu labaran ma ya zubar da su ɗungurungum. Richard Burton ya yi akasin haka. Ya fitar da mujalladi 10 daga 1885, ya ƙara 6 zuwa 1888, ya buga da sunan wata ƙungiya ta sirri, da adireshin bogi na birnin Benares na Indiya, yana sayarwa ga waɗanda suka yi rajista kaɗai don ya kauce wa dokar hana batsa ta 1857. Inda Larabci ya yi ishara, shi sai ya kwance zani, ya kuma cika ƙasan shafi da ra'ayoyinsa kan jima'i da launin fata. Bawan nan baƙar fata da matar sarki ta ci amana da shi a farkon labarin, Burton ya lafta masa siffofin ƙasƙanci da babu su a Larabcin. Turancinsa kuma na gangan ne, tsofaffin kalmomi da ba wanda ke faɗa ko a zamaninsa. Abin takaicin shi ne da yake haƙƙinta ya ƙare tuntuni, tasa ce ta fi yawo kyauta a wayoyin mutane, kuma mai karatu ɗan Afirka sai ya ɗauka wannan cin mutuncin daga Larabawan da suka tsara labarin ya fito. A 2021 Yasmine Seale, mace mai jinin Sham, ta fito da zaɓaɓɓun labarai cikin wani bugu mai sharhi da Paulo Lemos Horta ya shirya, ta share wannan dattin, ta dawo wa Shaharzad, mai ba sarki labaran, da bakinta na mace mai ilimi da ke sayen ranta dare bayan dare.

Shi wannan bugu ya fito da wani suna da aka daɗe da binnewa. Turai ta san Dare Dubu da Ɗaya ne ta hannun Antoine Galland, wanda fassararsa ta Faransanci ta fito a mujalladi 12 tsakanin 1704 da 1717. Rubutun hannun da yake bi ya ƙare masa a hanya, masu karatu kuma na neman ƙari. A 1709 ya haɗu a Paris da wani saurayi Kirista ɗan birnin Halab na Sham, Hanna Diyab, mai shekara wajen 20, wanda ya biyo wani matafiyi Bafaranshe. Cikin 'yan makonni saurayin ya ba shi labarai fiye da 10, Galland na rubuta taƙaitawarsu a littafinsa na yau da kullum. Daga wajen wannan saurayi Aladdin mai fitila da Ali Baba da ɓarayi 40 suka fito, labaran da a yau duniya ta fi sanin littafin da su. Ba a taɓa samun rubutun Larabci na waɗannan biyu da ya girmi Galland ba. Waɗanda suka ɓullo daga baya, bincike ya nuna bayan bugun Faransancin aka ƙera su. Galland ya buga labaran ba tare da ya ambaci sunan Diyab a cikin littafin ba.

Diyab ya koma Halab ya zama ɗan kasuwar yadi. A 1763, yana dattijo, ya rubuta labarin tafiyarsa, inda ya ambaci a taƙaice wani tsoho a Paris da ke fassara littafin hikayoyi, wanda wasu darare suka yi masa giɓi, shi kuma ya cike masa da labaran da ya sani. Bai ko faɗi sunan tsohon ba. Wannan littafin tafiya ya fito da Turanci a 2021 cikin fassarar Elias Muhanna, da sunan Hanna Diyab a kan bango.